Ranar da Ajuma ta Kira Buki

Shekara talatin da ɗaya danga ɗaya ce tsakanina da Ajuma, dangar ma ta kara, saboda haka babu tarin da za ta yi ban ji ba. Ni ce Altine ta bayan tashar Dogon Dutsi. Ban taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba ko da ɓatan hanya, amma na san mutane, kuma in na ce zan ba da labarin mace, to na ga abin da ya isa faɗa.

Daga ƙauyen Kieshe aka kawo ta, siririya, marar magana, aka ajiye ta gidan Hamza mai faci, wanda ke liƙe tayoyin manyan motoci a bakin kwalta. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Da an sallame asuba za ka ji turminta, tana juya tunkuza tana matsar mai, kafin hantsi ƙamshin suya ya cika unguwa. Da turmin nan nake sanin gari ya waye. Ranar da ta haihu ma sai da ta kwashe kasko ɗaya tukuna ta leƙo ta kan danga ta ce, "Inna, ko za ki ɗan shigo?"

Abin da aka haifa ranar ita ce Fadila. Bayanta an yi biyu, ba su zauna ba, daga nan haihuwa ta tsaya.

To kun san halinmu da ɗan fari. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kowace mace na yin wannan kunya, amma ta Ajuma ta wuce ta kowa. "Waccan" take ce wa yarinyar. In Fadila ta faɗi ta fasa baki, Ajuma ba za ta ɗaga ta ba, sai ta ɗaga murya ta ce, "Inna, wani abu ya faɗi tsakar gida." Ni ce mai zagayowa in ɗauka. A ɗakina aka yaye ta, a bayana ta yi barci, Kaka take ce mini. In uwa da ɗiya suna da magana, ta bakina take bi, ko da suna zaune kan tabarma ɗaya. Wanda bai sani ba zai ce ba ta son yarinyar. Ni da ke jin ta tana zagaya ɗaki in yarinyar na zazzaɓi, na san abin da na sani.

Yarinya ta fito da kai. Ta ci jarrabawa ta ci ta gaba, har aka ce ta samu shiga karatun likita a Yamai, gwamnati na ba ta ɗan kuɗin ɗalibai, bursu suke ce masa. Ranar da labari ya zo Hamza ya bar tayar wani direba a buɗe ya zagaya tasha yana faɗa wa kowa. Ajuma kuwa cewa ta yi, "To," ta ci gaba da mulmula ƙuli-ƙuli. Amma ranar ta manta gishiri.

A shekara ta uku Fadila ta zo hutu da farar riga da igiyar nan da suke sawa a kunne su saurari ƙirji. Shi ke nan, unguwa ta yanke hukunci: Likita ta zo. Babu wanda ya ƙara kiran ta Fadila. Mai ciwon ƙafa, mai takardar magani da bai iya karantawa ba, mai yaron da ya ƙi nono, duk suna layi a zauren Hamza. Mu a tunaninmu wanda ya sa farar riga ya fara cin albashi. Har masu ce mata, "Likita, a ba mu na goro." Ja'irar kuma sai ta buɗe jaka ta bayar, daga kuɗin motar komawarta. Wannan kuskuren namu ne, mu duka, har da ni.

A shekara ta huɗu ciwo ya kwantar da Hamza. Fadila ta baro karatu ta zo ta yi jinyarsa wata uku, a hannunta ya cika. Jarrabawar shekarar ta wuce ta, ta maimaita aji. Bursu kuwa shekarunsa ƙidayayyu ne, bai san rasuwa ba. Bursu ya ƙare, karatu bai ƙare ba. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ajuma na aika abin da ta saba aikawa, man gyaɗa galan ɗaya da ƙuli-ƙuli da 'yan kuɗi a ƙulle cikin leda, tana zaton ƙari ne a kan abin da ke akwai. Ashe shi ne duka.

Bara, da kaka, an gama yankan gero, Fadila ta zo kwana uku. Ta shigo gaishe ni da hantsi, ta ce bari ta auna mini jini. Tana ɗaura mini abin awo a dantse ina kallon nata hannun. Tsintsiyar hannun kamar sillen kara. Takalminta an ɗinke shi sau biyu, da zare kala biyu. Na sa mata tuwon jiya da na ɗumama, ta cinye ta side kwano kamar ɗan ƙwadago.

Ta ce, "Kaka, jininki ya hau. Ki rage gishiri da faɗa."

Na ce, "Gishiri na ji. Ke kuma mi ya cinye naki jinin? Likitan da ke side kwano ban taɓa gani ba."

Ta yi dariya. Na ce, "Dariyar nan ki kai wa uwarki, ita ce ba ta iya tambaya. Ni na wanke miki kashi. Faɗi."

Sai ta zauna ƙasa ta faɗa. Ta gama duk jarrabawa, shekara takwas ke nan. Abu ɗaya ya rage, wani babban littafi da kowane ɗalibi ke rubutawa da kansa, tez suke ce masa, nata a kan matan da ke jijjiga wajen haihuwa. Ta rubuta shi ta gama. Amma sai ta biya kuɗin rajista na shekara, ta buga littafin guda goma sha biyu da bango mai kauri, ta kai wa manyan malamai, su sa rana ta tsaya gabansu su yi mata tambayoyi. In ba a yi haka ba, ba ta da takarda, ba ta da ikon rubuta wa kowa ko maganin ciwon kai da sunanta. Ana rufe karɓa ƙarshen wata mai kamawa. Shekarar da ta gabata ma ta ga an rufe tana kallo. In ta sake rasawa, malamin da ke duba aikinta zai yi ritaya, sai ta nemi wani ta koma baya. Ta ce in haka ta faru ba za ta iya ba, za ta bari, akwai mai kantin magani da ya ce zai ɗauke ta tsaron kanti.

Na ce, "Nawa?"

Ta ce jikka ɗari uku da ɗoriya.

Na ce, "Kin nema?"

Ta nema. Ta rubuta takardu ga masu taimakon ɗalibai har wuri huɗu. Biyu ba su amsa ba. Ɗaya suka ce su 'yan firamare suke taimako, ɗaya suka ce masu shiga shekarar farko. Na ce haka ne, kowa na son shuka, kowa na son girbi, noma na biyu ne babu mai zuwa gayya. Ta je wurin ƙanen ubanta, Ɗantani mai shagon siminti. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Likita na roƙon ɗan kasuwa? Ɗiyata, ni ne ke jiran ki kai ni Makka." Ya ɗauka wasa take. Ita kuma kunya ta hana ta ce ba wasa ba ne, ta taya shi dariya ta fito.

Ta kama ƙafata ta ce, "Kaka, don Allah kada ki faɗa mata. Turmi za ta sayar."

Na ce ba zan faɗa ba. Motarta na tashi na zagaya na faɗa.

Ajuma na tace mai lokacin. Ba ta ɗago ba. Ta gama tacewa, ta rufe kwalba, ta goge hannu, sannan ta ce, "Akuya biyu gare ni, Inna. Da kaskon ƙarfe."

Na ce, "Akuyoyinki ko sun haifi 'yan uku-uku ba su kai rabi ba. Kina da dukiya, ba a gidan nan take ba. Tana gidajen mata."

Ta gane. Buki nake nufi. Tun tana amarya Ajuma ba ta taɓa fashin bukin kowa ba. Ƙawa ta haihu, ta kai. Ƙawa ta aurar da ɗiya, ta kai. Ka'ida kuwa sananniya ce: abin da kika kai wa mace ranar hidimarta, ranar taki za ta maido da ninki. Sauran mata suna kaiwa ana kawo musu, bana suna, baɗi aure. Ajuma tun sunan Fadila ba a sake shimfiɗa tabarmar buki a gidanta ba. Shekara ashirin da takwas tana zubawa, ba ta ɗiba ko sau ɗaya ba. Duk tana ajiyar ranar auren waccan, gado da katifa da kwanuka.

Ta ce, "Inna, ba a kiran buki sai aure ko haihuwa."

Na ce, "Wa ya faɗa? A wace sura take?"

"In na kira yanzu, ranar aurenta da mi za a kai ta ɗaki?"

"Da takardarta. Mai takarda na sayen gado. Mai gado ba ta sayen takarda."

 Can ta ce, a hankali, "In ba su zo ba fa?"

Nan ne gizo ke saƙa. Macen da ta kira buki aka ƙi zuwa, ta gama fita kasuwa da kai a sama. Kuma a ce don 'yar fari ta kira, ita da ba ta ko kama sunanta. Na ce ta bar mini kiran, ita ta dafa shinkafa kawai. Washegari na tarar ta ajiye mini ƙullin goro da alawa a kan dangata.

Kwana huɗu ina yawo gida-gida da sandata. Duk inda na ajiye goro tambaya ɗaya ce: "Wa za ta aura?" In ce ba aure ba ne. "To haihuwa ta yi a ɓoye?" In ce bakinki ya sari ɗanyen kashi, karatu za ta ƙarasa. Sai a ce, "Likita? Ba ita ke da kuɗi ba?" In sake bayani daga farko, har na iya faɗin tez kamar 'yar lakwal. Kowace ta karɓi goro, amma kowace sai ta ce, "Hajiya Bilkisu ta ji?"

Hajiya Bilkisu ita ce uwar bukin unguwarmu. Mai sayar da atamfa ce, jiki gare ta da murya, a kanta ake sanin wa ta kai wa wa. In ta tashi mata sun tashi, in ta zauna sun zauna. Ba muguwa ba ce, amma tana son abu ya tafi yadda ta tarar da shi.

Ta juya goron a hannu ta ce, "Inna Altine, in muka buɗe wannan ƙofa, gobe wata za ta kira buki don rufin ɗaki, jibi wata don ɗanta zai sayi babur. Buki zai lalace."

Na ce, "Hajiya, haihuwarki tara. Ajuma ta zo tara. Kin aurar huɗu, ta zo huɗu. Ke sau nawa kika taka gidanta da kwano a hannu?"

"Laifina ne da ba ta yi hidima ba?"

"Ga hidima ta yi."

Ta ce, "Kuma ni ban ji daga bakin mai buki ba. Ke kika ce. Kowa ya san ki da shiga abin da ba a sa ki ba." Wannan kam gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya yi mini zafi. Na ce Asabar ne, bayan azahar, na fito.

Asabar ta zo. Ajuma ta share gida, ta aro tabarmi shida, ta dafa shinkafa tukunya biyu da man da ta matsa da hannunta. Aka yi azahar. Mata uku suka zo, biyu daga cikinsu danginta ne daga Kieshe. Muka zauna muna kallon tabarmi. Kaji suka hau ɗaya, babu wanda ya kore su. Wata ta ce ta ga mata da yawa sun yi kwalliya sun shiga gidan Hajiya Bilkisu. Wato sun shirya, kuɗinsu na ƙulle a bakin zane, jira suke su ga inda uwar buki za ta sa ƙafa.

Na jawo sandata zan tashi, bakina cike da maganganun da na tanada. Sai na ji hannu a kafaɗata. Ajuma ce, ta yafa mayafi.

Ta ce, "Zauna, Inna. Kin yi naki."

Ban zauna ba, na bi ta a baya. Ba ta yi sauri ba, ba ta waiwaya ba. Ta yi sallama ƙofar Hajiya Bilkisu. Mata sun fi talatin a tsakar gida, duk suka juyo. Ajuma ta tsaya bakin ƙofa, ko takalmi ba ta cire ba, idonta a ƙasa.

Ta ce, "Hajiya, an ce ba ki ji daga bakina ba. Ga ni." Ta ci gaba, "Fadila ɗiyata ce. Ita kaɗai gare ni. Shekara huɗu tana kwana da yunwa a Yamai ban sani ba, don ban iya tambayarta ba. Fadila..."

Shekara ashirin da takwas babu kunnen da ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Wata ta ce, "La ilaha illallahu." Wata ta rufe fuska da mayafi. Hajiya Bilkisu ta miƙe da saurin da ban san tana da shi ba, ta zo ta toshe mata baki da tafin hannu.

Ta ce, "Ya isa! Kada ki ƙara na uku, Ajuma, kada ki tsiraita kanki gabanmu. Koma gida." Ta juya ga mata. "Ku kuma mi kuke kallo? Shinkafa na hucewa."

Tabarmi shida ba su isa ba, sai da aka kwaso nawa. Hajiya Bilkisu da kanta ta zauna da faranti a gaba tana karɓa tana shela, kowace da ninkinta, ba ta bar ko ɗaya ta yi ƙwange ba. Da wata ta ajiye abin da bai kai ba sai ta ce, "Ke, ranar sunan tagwayenki ina wurin, ƙaro." Waɗanda bukinsu na kwanuka ne suka kawo kwanuka, don abin da aka kai musu ke nan. Wata tsohuwa ta kawo zanen gado da matasan kai, ta ce ita ba ta gane zancen littafin nan ba, amma ko littafi ne ai zai so wurin kwanciya. Ranar kasuwa muka kai su duka, Hajiya Bilkisu ta tsaya kan ciniki, kwano ko ɗaya bai faɗi ba.

Ɗantani ya ji labari a shago. Da la'asar ɗin Lahadi ya zo ya tsaya zaure yana murza hula, ya ce wallahi ya ɗauka wasa ne. Na ce ai har yanzu muna dariya. Ya ajiye abin da ya ajiye, ya isa kuɗin mota da ɗinkin rigar da za ta tsaya da ita. Na karɓa kafin ya sake tunani.

Na kira Fadila a waya na faɗa mata an aika kuɗi, ta je ta karɓa. Ta ce, "Kaka, turmi ta sayar?"

Na ce, "Turmi na nan. Sunanki ta sayar, sau biyu, gaban mata talatin."

Ba ta gane ba sai da na warware mata. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai shessheka, na kashe don kada kuɗin waya su tafi a banza.

Ta kai littattafan saura kwana biyar a rufe. Aka sa rana. Ajuma ta ce ba za ta Yamai ba, wa zai ga uwa zaune gaban 'yar fari ana tafa mata? Ni ma ban je ba, gwiwoyina ba sa son mota. Wata ƙawar Fadila ta buɗe mana waya, muka ajiye ta kan turmi muna ji. Faransanci ne tun daga farko har ƙarshe, ko kalma ɗaya ban tsinta ba, amma na san muryar mai tambaya don ya kayar da kai, na kuma san muryar wadda ba ta faɗi ba. Can aka yi tafi mai tsawo. Ƙawar ta yi ihu cikin waya, "Ta ci! An ba ta! Ta zama likita!"

Na dubi Ajuma. Ta ce, "To." Ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ciki ta ce, "Inna, ki ce wa waccan ta ci abinci."

Yanzu Fadila na aiki a wani asibiti nan cikin Arewa, tana rubuta magani da sunanta. Zancen aure bai taso ba tukuna, in ya taso babu buki a ajiye, an cinye. Ajuma ta koma kai wa mata daga ƙasa, kaɗan-kaɗan, kamar sabuwar amarya. Hajiya Bilkisu ta kafa doka cewa wannan sau ɗaya ne ba za a ƙara ba, amma na ji ɗiyar Mubaraka mai waina na shekara ta biyar a karatun nan, kuma na ga Hajiya na tambayar shekara nawa suka rage mata.

Abin da ban manta ba shi ne washegarin ranar tafin nan. Na yi sallar asuba na zauna jiran turmi. Shiru. Gari ya yi haske, shiru. Rana ta hau danga, babu turmi babu ƙamshin suya. Na ce shi ke nan, matar nan ta sauke kaya ta bi Hamza. Na zagaya ko sanda ban ɗauka ba, na ɗaga labule.

Tana kwance rigingine, baki buɗe, tana minshari kamar injin markaɗe. Gyaɗar da ta soya jiya na nan cikin kwarya, kaji na ci.

Na kore kajin, na saki labule. Masu zuwa sayen ƙuli-ƙuli na tare su a ƙofa na ce yau babu, su dawo gobe.